Hannu a Bakin Kafireta

Ni ba na yarda da mai taimakon da ban kira ba. Tsohuwar motata kuwa halinta ke nan, in ta kwana cikin sanyi sai ta tashi ta mutu. Ran nan da asuba ta yi mini haka a bakin fadamar Guri, ga ɗanyen kifi kwando shida da dole ya isa kasuwar Haɗeja kafin rana ta taɓa shi.

Wani dogon mutum ya fito daga cikin ciyawar kacalla, ba sallama. Rigarsa na warin laka.

"Mai ne ba ya isarta da sanyi, malam direba. Murza makulli."

Ya toshe bakin kafireta da tafin hannu. Na murza, ta kama. Na sauko da tocila in yi gadin batirina, don na ɗauka ɓarawo ne.

Nan na ga gwiwar hannunsa a tsakiyar fanka. Fankar na juyawa, tana ratsa ta kamar ruwa.

"Kifin nan na gidanmu ne," in ji shi. "In na ɗauke hannuna, motar mutuwa za ta yi. Ina muka nufa, Haɗeja ko kogi?"