Kebul a Tsakar Gida

Akwai wata yarinya a Hadejia, 'yar aji shida. Kanta na ja, amma haƙuri kam babu. Komai nata sauri-sauri.

Bara ambaliya ta shiga gidansu, ta jiƙe hotunan takarda kaf. Shi ya sa Babanta ya ɗora tsohuwar kwamfutarsa a saman kabad a falo. Ya ce daga yau ita ce rumbun gidan, duk hoto da murya a cikinta za a adana. Sai dai tsohuwar nan akwai nawa. Kafin ta karɓi abu daga sabuwar kwamfutar da ke ɗakin Baba, har tuwo ya nuna.

Ran Asabar Kawu Rilwanu, ƙanin Umma mai gyaran kwamfuta, ya buɗe ta ya sa mata sabon katin sadarwa. Ya kawo dogon kebul shuɗi da zai haɗa kwamfutocin biyu.

"Kada kowa ya taɓa sai jibi na kafe shi a bango," in ji Kawu. "Ke kuma, sarkin sauri, ba a goge abu sai an buɗe an ga ya isa."

Ta ce to. To ɗin baki ne kawai.

A sabuwar kwamfutar akwai muryoyi goma sha biyu da aka ɗauka na Kaka Bunu, mahaifin Baba, wanda ya rasu watan jiya. A ciki yake lissafa kakanninsu tun daga bakin Tafkin Chadi, rabi da Hausa rabi da Barbarci. Dangi za su zo daga Birniwa ran Juma'a sadakar arba'in, kuma Baba ya yi musu alkawarin za su ji.

Ran Lahadi Baba ya tafi fadama. Yarinyar ta shimfiɗa kebul ta tsakar gida, ta haɗa, ta tura muryoyin. Ta ga abu na gudu, daɗi ya kashe ta. Ta zura hijabi ta tafi Islamiyya.

Da ta dawo ba ta ga komai na motsi a allon ba, sai ta ce ai an gama. Ta goge muryoyin daga sabuwar kwamfutar, har kwandon sharar kwamfutar ta zazzage. Ta cika wurin da finafinan katun ɗinta. Ba ta lura tunkiyar Umma ta tauna kebul ɗin ta raba shi biyu ba.

Da azahar Baba ya dawo, ta tare shi da murna. Ya buɗe tsohuwar kwamfutar. Murya biyu kawai ya samu. Washegari Kawu ya zo ya yi yini yana nema, amma katun ya riga ya hau kan sauran.

Baba bai dake ta ba. Da ma dukan ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Hotuna ruwa ne ya ci, na haƙura," in ji shi. "Wannan kuwa 'yata ce."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kwana biyu ba ta iya kallon fuskarsa ba.

Ran Laraba Kaka 'Yar'azumi, matar marigayin, ta kira ta.

"Share hawayenki, ƙawata. Shekara hamsin ina jin sunayen nan. Muryarsa ta tafi, amma sunayen suna nan. Ɗauko wayar uwarki."

Kaka ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya, yarinyar na ɗauka a waya. Yarinyar ta sa muryar a sabuwar kwamfutar, ta tura wa tsohuwar ta sabon kebul ɗin da Kawu ya kafe a bango. Ta buɗe, ta saurara har ƙarshe, kuma ba ta goge na wayar ba.

Ran Juma'a dangi suka ji muryoyin Kaka Bunu guda biyu da suka tsira, sannan muryar Kaka 'Yar'azumi ta ƙarasa. Baba ya dafa kan yarinyar, ya ce Allah ya yi mata albarka.

Tun daga ranar ba ta sake goge abu ba sai ta duba da idonta. Yara, ku ji maganar manya, ku duba kafin ku goge. Ba kowane abu ne ke dawowa ba.