Zobe a Gwangwanin Kusoshi

"Zobena ne wannan a cikin kusoshi?"

Auta ta ɗaga gwangwanin tana girgizawa a gaban fuskar Bahago. Shi ne babban mai gyara a shagon Babanta, inda ake farfaɗo da injinan wasan gem na dā, dogayen nan kamar kabad da ake jefa wa kwabo. Shi ne kuma wanda za ta aura bayan damina.

"Haba rabin raina, dokar Baba ce. Ba a shiga cikin inji da ƙarfe a hannu."

"Doka ko dai kunyar a ga kana da mai kai? Na ga yadda 'yan matan nan ke zuwa wai kallon gem!"

"Auta..."

"Ka rantse ba za ka sake cirewa ba. In ka cire, to ni ka cire!"

Ya daɗe yana kallonta. Bahago mutum ne da ba ya iya musu da hawayen mace, balle nata. Ya zura zoben a yatsan hagu, hannun da yake aiki da shi, ya rantse.

Ta koma gida tana taƙama, ita a dole ta yi nasara. Kishi kumallon mata, in ya motsa ba ya jin kira.

Kwana biyu zuciyarta ba ta kwanta ba, ta rasa dalili. Duk sanda ta wuce shagon sai ta ji wani gurnani, zzzz, daga wani baƙin inji da ke lungu. Akwatin wutarsa ne ya lalace. Baba ya ce ba a daidaita irin wannan wutar sai injin na kunne, shi kuwa tsufa ya sa hannunsa ya fara rawa, don haka ya bar wa Bahago.

Da hantsi tana zuba wa Baba ruwan wanke hannu, idonta ya sauka a kan farin tabon da ya zagaye yatsansa. Tun tana yarinya take ganinsa, ba ta taɓa tambaya ba.

"Baba, wannan fa?"

Ya yi murmushin da bai kai zuci ba. "Zoben mahaifiyarki ne, Allah Ya ji ƙanta. Na manta shi a hannu, ya taɓa waya mai wuta. Sai da ya yi ja kamar garwashi. Da ɗaya hannuna na kan ƙarfen injin, da wutar ta ratsa ƙirjina, da ba a haife ki ba." Ya share hannu. "Shi ya sa dokata biyu ce: ƙarfe a gwangwani, hannu ɗaya a aljihu."

Butar ta suɓuce daga hannunta.

"Yau... yau Bahago zai buɗe baƙin injin?"

"Yanzu ma yana kai. Ke lafiya?"

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta fita da gudu tana kiran sunan Allah. Titin da take bi kullum ya ƙi ƙarewa. Tsoro ya cika ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Tana sa ƙafa a bakin ƙofa ta ji ƙarar. Fas! Fitilun shagon suka mutu gaba ɗaya, ƙauri ya turnuƙe.

"Masoyi! Masoyi!"

Yana yashe a bayan injin, sukudireba can gefe. Hannunsa na dama yana cikin aljihu har lokacin. Na hagun kuwa ba ta iya kallonsa sau biyu ba.

Ta ɗora kansa a cinyarta tana ihu. Can ya buɗe ido da ƙyar.

"Kin gani... ban cire ba."

Kukan da ta fasa har maƙwabta suka shigo.

A asibiti likita ya ce hannun da ke aljihu ne ya tsare masa zuciya. Yatsan dai bai tsira ba, tare da zoben aka cire shi. Baba bai yi mata faɗa ba, ko kalma ɗaya. Da ma ya yi, da ta fi samun sauƙi.

"Ka fasa aurena," ta ce da Bahago, kanta a ƙasa. "Ni na yi maka wannan."

"In fasa? Bayan na biya sadaki da yatsa? Ai kin makara, yarinya."

Ta yi dariya tana kuka.

An ɗaura auren bayan damina. Hannun nasa bai koma yadda yake ba, ƙananan wayoyi suna kuɓuce masa. Ranar da ya koma shago ya tsaya gaban baƙin injin, ya kasa matsawa kusa.

Auta ta shigo. Ta zare awarwaronta da zoben aurenta, ta jefa su cikin gwangwanin kusoshi. Ta cusa hannu ɗaya a aljihun rigar aikin Baba da ta saka, ta miƙa masa ɗayan.

"Nuna min wayar da zan riƙe maka."