Hancin Na'ura da Kifin Gwaggo Tasalla

Na'urar ta miƙa dogon hancinta na ƙarfe, ta shinshina kwalin kifi, ta kunna jar wuta. Kwali na saba'in ke nan da ta ƙi tun da aka ƙaddamar da ita da hantsi.

Mai-Hanci ake kiranta. Hukumar tashar jiragen ruwa ce ta sa aka ƙera ta, saboda sunan birnin Mashigar Kwakwa ya zama gonar kowa: ko'ina a duniya sai mutum ya yi bandar kifinsa ya liƙa masa sunan birnin. Daga yau sai wanda na'urar ta shaida zai fita da hatimi.

Gwaggo Tasalla na ƙarshen layi da kwandonta. Tun da teku ta cinye unguwarsu take zaune a gidan da ke yawo kan ruwa, can bayan sabuwar iyakar birni, don haka a takarda baƙuwa ce. In babu hatimi babu jirgin da zai ɗauki kifinta, murhun da ta gada kuwa ya mutu ke nan.

Manyan masana'antu duk sun sha jar wuta. Da Gwaggo ta ajiye kwandonta, hancin ya shinshina, ya sake shinshinawa kamar maƙwabcin da ya zo gaisuwa lokacin tuwo. Sai koriyar wuta, sai hatimi, tim!

Injiniya Mamuda, wanda ya ƙera na'urar, ya share gumi. "Gwaggo, da me kike banda?"

"Da ɓawon kwakwa mana, ɗan nan. Da me ake yi?"

Ashe da wani tsohon kifin bandar ɓawon kwakwa na gidan tarihi Mamuda ya koya wa na'urar ƙamshin garin, masana'antu kuwa sun shekara arba'in suna gasawa da lantarki. Ya duba allonsa ya karanta sunan mai kifin: Kande ta Unguwar Masunta.

"Innata ce!" Gwaggo ta rangaɗa guɗa har 'yan dako suka taya ta. Daɗi ya cika ta, ga dariya ga hawaye.

Jirage goma na jiran kaya, na'ura kuma ba ta san lallashi ba. Kafin la'asar hukuma ta zauna, ta ja iyakar birni har bayan gidan Gwaggo, don kifinta ya fita da sunan birnin.

Da shugaban hukumar ya zo yi mata albishir cewa ta koma 'yar gari, tana tsugune tana hura wuta. Ta dubi benayensu masu hawa ɗari, ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, ni ban je ko'ina ba. Ku ne dai kuka dawo. Miƙo min ɓawon can."