Kafa ta Takwas

Ranar Litinin da hantsi, Insifekta Lubabatu Altine ta zauna ke nan a ofis sai Alhaji Maccido ya shigo. Dillalin albasa ne, yana da babban sito a bayan kasuwar Illela. Wani dogon tsoho mai sanda yana biye da shi, kansa a sunkuye.

"An ɗauke mini irin albasa buhu biyu," in ji Alhaji. "Manoman Lafani da Araba na aje ma shi. Nan da kwana goma za su zuba iri. In babu shi, bana ba su da albasa."

"Yaushe aka ɗauka?"

"Jiya, ranar kasuwa. Ina Ƙwanni. Da na dawo da la'asar na iske babu."

"Wannan dattijon fa?"

"Baba Boyi ne, mai gadina. Shekara ashirin da biyu muna tare. Mutanen kasuwa sun fara kama sunansa, ni ko ban yarda ba. Shi ya sa na taho da shi da kaina, kada wani ya jawo shi."

Insifekta ta ba tsohon kujera, ta sa aka kawo masa ruwa. Sannan ta kira Kofur Jabir ya fito da mota.

Siton yana da babbar ƙofa a gaba, inda bencin Baba Boyi yake. A gefenta akwai ɗan ofis mai tasa ƙofar. Irin kuwa yana cikin wani ƙaramin ɗaki da ke buɗewa ta lungun baya. Insifekta ta duba kwaɗon ƙofar bayan. Ba a taɓa shi da ƙarfe ba.

"Wa ke da makulli?"

"Ni, da Baba, da Sufyanu," in ji Alhaji.

Sufyanu shi ne akawun siton, ɗan ƙanwar Alhaji mai rasuwa. A hannun Alhaji ya tashi tun yana shekara bakwai. Shi ya kunna musu hoton jiya a allon ofis. Kyamarori shida ne. Ta gaba tana kallon babbar ƙofa kawai, ba ta kama ƙofar ofis. Biyar sun yi aiki yini guda. Ta ƙofar baya ta yi baƙi daga ƙarfe ɗaya da minti arba'in zuwa biyu da ashirin da biyar.

"Dama tana wasa," in ji Sufyanu. "Ko wayarta ta lalace, ko wani ya zare ta."

"Kai ina kake a lokacin?"

"Ina kara. Kawu ya aike ni in duba wani bijimi. Tun azahar ban dawo ba sai la'asar."

Insifekta ta fita wajen Baba Boyi, ta zauna a ƙarshen bencinsa.

"Baba, wa ya shiga ofis jiya da azahar?"

"Ba kowa, ranki shi daɗe. Ina nan zaune, idona biyu."

Yana maganar ne yana fuskantar Kofur Jabir, alhali ba shi ya yi tambayar ba. Da ya miƙa hannu zai ɗauki butarsa, sai da ya lalubi ƙasa sau biyu. Insifekta ta ce wa Kofur ya koma mota.

"Baba, yatsa nawa na ɗaga?"

Tsohon ya juyo wajen muryarta, ya sunkuyar da kai.

"Yana ce ta rufe mini ido," ya ce a hankali. "Ya kai shekara. In Alhaji ya sani zai ce in je in huta, ni ko ban da gida sai wanga benci."

"Amma kunne yana ji."

"Yana ji. An buɗe ofis, an rufe. Can anjima aka sake buɗewa."

"Wane ne?"

"Ɗiyata, ban kama sunan mutum da taku."

Ba ta matsa masa ba. Ta ciro waya ta kira Na'ima, wadda ta haɗa kyamarorin. Ɗiyar maƙwabciyarta ce, a gabanta ta yi rarrafe, yanzu kuma ita ke haɗa wa rabin shagunan garin intanet.

Na'ima ta iso da jakar aiki a kafaɗa. "Inna, ni ma cikin waɗanda ake zargi nake?"

"Kowa yana ciki sai na fitar da shi. Kin karya kumallo?"

"Na karya."

"To zo ki gaya mini abin da ya kashe kyamarar nan."

Na'ima ta buɗe wani akwati a bangon ofis. A ciki akwai wata baƙar na'ura mai faɗin littafi, da kafofi takwas a jere, wayoyi a soke a cikinsu. Kafa ta biyu ce kaɗai babu komai.

"Wannan shi ne suwic," ta ce. "Kowace kyamara waya ɗaya gare ta. Ta cikinta hoto ke zuwa, ta cikinta kuma suwic ke tura mata wuta. Ta baya tana kafa ta takwas."

"Wutar sola ce ta ɗauke?"

"Da duk shida sun mutu tare."

Ta duba 'yan fitilun da ke saman kafofin. Duk suna haske kore. Ta zare wayar ta takwas, ta sa a na'urar gwaji, ta aiki Kofur da ɗaya bakin na'urar zuwa lungu. Zare takwas na cikin wayar duk suka amsa. Ta mayar da kyamarar kafa ta biyu, hoto ya fito. Ta dawo da ita ta takwas, ya sake fitowa. Ta hau tsani ta duba kan wayar ko tsatsa ta ci shi. Babu.

"Waya lafiya, kafa lafiya, kyamara lafiya," ta ce tana saukowa. "Ba ta wasa, Inna."

Ta jona kwamfutarta, ta buɗe rajistar da suwic yake rubuta wa kansa. Ta daɗe tana karantawa, sannan ta juyo da allon.

"Ba wanda ya zare ta. Suwic ɗin ne da kansa ya hana ta wuta."

"Don me?"

"Wutar da yake rabawa tana da iyaka, kyamarori shidan nan sun kusa cinye ta. In aka ƙara wani abu mai jan wuta, sai ya yanke wa kafa ta ƙarshe don sauran su rayu. Ga shi nan: ɗaya da arba'in an soka wani abu a kafa ta biyu, ta takwas ta mutu. Biyu da ashirin da biyar an cire, ta dawo."

"Wane abu ne haka?"

Na'ima ta dubi lokar da ke ƙarƙashin tebur. "Bara na kawo na'urar waifai babba. Da muka jona ta, haka ta yi. Na ce a aje ta sai an sayi suwic mai ƙarfi."

"A gaban wa kika yi wannan bayanin?"

"Alhaji da Sufyanu."

Na'urar tana cikin lokar, da guntuwar wayarta a naɗe a jiki. Na'ima ta sake duba wani shafi, na akwatin intanet ɗin ofis, ta nuna wa Insifekta layi ɗaya. Insifekta ta karanta, ta sa aka kira Alhaji da Sufyanu da Baba Boyi.

"Alhaji, wayar da ke hannunka yaushe ka saye ta?"

"Watan jiya."

"Sufyanu, taka fa?"

"Ta kai shekara biyu."

"Rufe datarka, ka ɗora ta kan tebur."

Ya yi. Na'ima ta soka na'urar a kafa ta biyu. Nan take hoton ƙofar baya ya yi baƙi a allo. Alhaji ya matso yana kallo. Ba a yi minti biyu ba wayar Sufyanu ta yi ƙara, saƙonni suka fara shigowa.

"Waya ba ta mance waifan da ta taɓa hawa," in ji Insifekta. "Da ta ji shi take hawa da kanta. Jiya ma ta hau, ƙarfe ɗaya da minti arba'in da uku, ga lambarta a rubuce. Daga kara zuwa nan akwai tafiya, Sufyanu. Waifai ba ya kaiwa can."

Sufyanu ya dubi wayar, ya dubi kawunsa. Sai ya zame daga jikin bango ya zauna a ƙasa.

"Ni ne, Kawu."

Alhaji bai ɗaga murya ba. "Mi ka rasa a gidana?"

"Ba ni ba ne, Babana ne. Ruwan watan jiya ya rusa mashi ɗaki a Garu, irin da ya aje duk ya ruɓe, nasa da na maƙwabta huɗu da sunka ba shi ajiya. Na iske shi zaune bakin gona, ba ya ko cin abinci. Da na kai mashi irin, na ce mashi kai ka aiko."

"Ka kasa tambayata?"

"Tun da Innata ta rasu ba ka taɓa kiran sunansa ba. Na ji tsoro ka ce a'a, in rasa yadda zan dube ka."

"Irin yana ina?" in ji Insifekta.

"Yana Garu. Ba su buɗe ba tukuna."

Insifekta ta dube shi. "Yunwar mahaifinka na ji ta. Amma ka tsaya kana ji kasuwa tana kiran tsohon nan ɓarawo, ba ka ce komai ba. Wannan fa?"

Sufyanu ya ja gwiwa har gaban Baba Boyi, ya kama ƙafarsa yana kuka. Tsohon ya laluba ya dafa kansa.

"Tashi. Ni na koya maka ɗaure igiyar buhu. Tun jiya nake roƙon Allah ka faɗa da bakinka, ga shi ka faɗa."

Alhaji ya ga yadda hannun ya yi lalube kafin ya sami kan yaron. Ya daɗe yana kallon idon tsohon.

"Baba, jibi za mu Sakkwato wajen likitan ido," ya ce. "Bencinka yana nan, ba mai zama kansa." Ya juya ga Insifekta. "Ranki shi daɗe, in na ce na janye ƙara fa?"

"Ka zo ofis ka rubuta, a duba. Amma yanzu yana hannuna. Za mu Garu mu ɗauko kaya, daga nan ya ba da bayani."

Kofur Jabir ya ciro ankwa. Insifekta ta girgiza masa kai, ya mayar. Na'ima ta zare na'urar, hoton lungu ya dawo, ta rufe akwatin.

Aka fito da Sufyanu, ya shiga bayan mota. Kofur ya tayar da inji. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofar sito yana juya makullansa a hannu, sannan ya miƙa su ga Baba Boyi ya taho.

"Shekara goma sha tara ban taka Garu ba," ya ce ta taga. "In kunka je ku kaɗai, mutumin zai san ɗansa ƙarya ya yi mashi. Buhu ɗaya za mu ɗauko. Ɗayan ni zan ce mashi ya riƙe."

Insifekta ta nuna masa kujerar gaba. Ya ce a'a, ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da Sufyanu.