Amaryar Hantsi

Ranar da Basiru ya fara ganin Dudu, zaune take a kan wani kifaffen kwalekwale a bakin ruwan Yawuri, gefen da mata ke shanyar kifi. Ta miƙe ƙafafu, sandarta a gefe, hantsi na dukanta. Shi kuwa direban jirgin ruwa ne mai tausayin tsiya. Ya ruga ya aro laima, ya zo ya tsaya a kanta yana washe baki.

"Malam, mi na yi maka?" in ji Dudu.

"Rana na ga tana cin ki."

"To ita na zo sha. Matsa, ka tare mini magani."

Wai a ganinsa jan aji ne. Washegari sai ga shi ya aro ƙatuwar laima irin ta masu sayar da katin waya, har iska na neman jefa shi ruwa. Dudu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce ya zauna.

Ta faɗa masa komai. Tana da ciwon jijiya da likitoci ke kira MS, shi ke sa ƙafarta ta hagu ta yi mata gardama. A asibiti a Sakkwato an auna jininta, an ga bitamin D ya yi ƙasa. Likita ta ce an lura masu ƙarancinsa sun fi saurin naƙasa, ko da yake ba a ce rana na warkarwa ba. Ta dai riƙa shan maganinta, ta ɗan sha hantsi, ta guji zafin tsakar rana.

"Wata rana ƙila ƙafar ga ta ƙi tashi kwata-kwata," ta ce. "In za ka gudu, gudu yanzu, tun ban saba ba."

Basiru ya naɗe laimar ya tafi. Zuciyar Dudu ta karye, don wallahi ta riga ta saba. Kafin azahar sai saƙo ya shigo:

"Ranata, laimar na je mayarwa. Gobe ki matsa mini wuri."

Ta rubuta: "Mai Laima, ka zo da ƙosai."

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Ɗahiru. Ya ce 'yarsa mai lalura ba za ta auri wanda ke yini bisa ruwa ba, ga Alhaji Ɗanbaba mai injin cashe shinkafa yana so. Da Inna, mahaifiyar Dudu, ta matsa masa, ya kira Basiru da Ɗanbaba zaure, ya ce kowa ya faɗi yadda zai riƙe ta.

Ɗanbaba ya gyara babbar riga. "Baba, gidana na rufe shi ruf da kwano har tsakar gida. Motata baƙin gilashi. Na yi maka alkawari, rana ba za ta sake ganin Dudu ba har abada!"

Daga bayan labule aka ji Inna ta ce, "Innalillahi!"

Basiru ya sunkuyar da kai. "Ni ɗaki biyu gare ni, Baba. Na sare reshen dalbejiyar da ke tare gabas, na kafa benci a wurin. Ran da ƙafarta ta yarda, ta taka da kanta. Ran da ta ƙi, in ɗauke ta in kai ta."

Malam Ɗahiru ya daɗe yana share ido, wai ƙwaro ne ya faɗa masa.

Satin bikin Dudu da Basiru gwaggonni suka kulle amarya a ɗaka don gyaran jiki, wai kada rana ta ɓata dilka. Kwana biyu kawai suka samu. A na uku Malam Ɗahiru da kansa ya fito da kujera tsakar gida ya ce a fito masa da 'yarsa.

An ɗaura aure ranar Asabar, aka yi ta Allah ya ba da zaman lafiya, ya ƙara wa amarya sauƙi. Da safiyar farko Dudu ta yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ta dubi Basiru da tsoro.

Ya ajiye ƙosai, ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau, Ranata. Hantsi ba ya jira."