Bindiga Mai Kilo Uku

Da hantsi ranar Talata wani makiyayi ya sauko daga Dutsen Mbilga, ya shiga ofishin 'yan sanda na Tamgure, ya ce akwai mutum kwance a bakin maɓuɓɓugar ruwa cikin jini.

Insifekta Yawuba Tizi ya ɗauki kurata biyu suka hau. Shekararsa goma sha ɗaya a wannan gefen na arewacin Kamaru, don haka tun kafin a juya gawar ya gane mai ita. Hamanjam ne, shugaban masu gadin gandun farautar da wani kamfani ya kama a bayan dutsen, inda Turawa ke zuwa harbin gadar dutse da rani.

Harsashi ɗaya ne. Ya shiga ta saman kafaɗa, ya fita ta ƙugu. Yawuba ya ɗaga kai ya dubi sama, sai ya hango wani leɓen dutse can nesa, a tsaye kamar bangon gida. Kuratan suka ce ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau wurin. Ya cire takalmi, ya kama hawa da hannu da ƙafa, sau biyu yana zamewa.

A saman, cikin tsagar dutse, ya tsinci kwanson harsashi guda, siriri, sabo fil. Ya zauna yana haki yana juya shi. Duk wanda ya hau nan da bindiga, a bayansa ya goya ta, kuma ba mai nauyi ba ce.

Ko da ya koma ofis, Kwamishina, shugaban ofishin, ya riga ya gama bincikensa. An kamo Baba Dongsa, tsohon maharbin da kowa ya ji shi a kasuwa yana cewa Hamanjam ba zai mutu a kan gado ba. Tsohon bai ma wahalar da kowa ba, ya ce shi ne. Bindigarsa na jingine a bango, doguwa, tun ta zamanin Faransawa.

Yawuba ya ɗaga ta da hannu ɗaya, hannun ya rinjaya ƙasa. Ya ja kujera ya zauna gaban tsohon.

"Baba, daga ina ka harbe shi?"

"Daga inda na ga dama."

"Kusa ko nesa?"

"Kusa. Sai da ya ga idona. Ina bayan kukar nan ta bakin ruwa."

"Harbi nawa?"

"Biyu. Kai yaro, rubuta ka huta. Tambaya kamar mai neman aure."

Yawuba ya saka kwanson da ya tsinta a cikin bindigar tsohon, ya girgiza ta, kwanson ya faɗo ƙasa don ya yi mata kaɗan. Sannan ya ce Baba ya tashi ya taka zuwa ƙofa. Tsohon ya tashi yana jan ƙafar hagu, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, amma fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Kwamishina ya ce mutum ya amsa laifinsa da bakinsa, jibi a kai shi Garwa, a rufe fayil kafin masu kamfanin su fara kiran waya daga Yawunde. Yawuba ya ce shi dai ba zai sa hannu ba. Aka tuna masa cewa akwai ofisoshi a bakin iyaka da ko ruwan sha babu. Ya ce ya sani, ya taɓa zama a ɗaya, ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari ya hau babur ya nufi sansanin gandun. Manajan, Mushe Ebode, wato Malam Ebode a bakin masu Faransanci, ya tarbe shi da lemo mai sanyi da rantsuwa cewa bindigoginsu duka suna kulle, ba wadda ta fita tun makon jiya. Yawuba ya ƙirga shida a jere a ɗakin ajiya. A rajista kuwa bakwai ne.

"Ina ta bakwai?"

"Tana wurin gyara, Shef," in ji manajan, yadda ake kiran babban ɗan sanda a nan.

"Wurin wa?"

Manajan ya shiga share gumi. Ya ce ya manta sunan mai gyaran, sannan ya ce wataƙila ma ba gyara ba ne, shi dai kada a taɓa masa lasisi, damina ta kusa, baƙi biyu kawai suka rage masa. Yawuba bai saurare shi ba. Ya zare takardar sayen bindigar daga rajistar, mai ɗauke da hatimin wani shago a Garwa.

Da azahar yana gaban mai shagon, Mushe Kamdem, mutum mai ƙiba da son labari. Yana ganin lambar bindigar ya yi dariya, ya ce ai ko shekara goma aka yi ba zai manta da ranar ba.

Ya ce yawancin masu saye da ido suke zaɓe, su ɗauki mai ƙyalli da katako mai zane. Wannan kuwa ma'aunin rataye aka ce ya kawo. Aka auna bindiga tara ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta haura kilo uku haɗe da madubin hangenta, aka ture ta gefe. Ya nuna mai sarrafa kanta, aka ce masa ba a so, yashi kaɗan ke shaƙe ta a kan dutse. Mai sakata ake so, wadda za ka ja da hannunka bayan kowane harbi, ka san abin da ke ciki. Aka zaɓi mai gajeren hanci, mai gindin roba wanda ruwa ba ya kumbura shi, mai ƙaramin harsashin da ba ya dukan kafaɗa.

"Daga nan aka rataya ta a baya, aka hau tsanin rufin shagona sau uku, wai a ji ko tana bugun ƙeya. Sannan aka ce in rage gindin da yatsa biyu."

"Me ya sa?"

"Hannun gajere ne, Shef. Mace ce ai. Ban faɗa maka ba?"

Ya juyo da littafinsa. Wata uku da suka wuce, a madadin kamfanin, an sa hannu: Odil Dongsa.

Yawuba ya san ta. Ita kaɗai ce mace mai lasisin jagorar farauta a yankin, 'yar Baba Dongsa, wadda tun tana ƙarama take bin sawun gada a inda maza ke tsayawa su yi haki.

Da safiyar Alhamis ya same ta a gidan uban, a gindin dutsen. Saukowarta ke nan, ƙafarta duk ƙura, tana tambayar maƙwabta inda tsohon ya shiga, su kuma kowa na kawar da kai. Ta dube shi ba ta gaishe shi ba.

"Ina bindigar kamfani, Odil?"

"Ta suɓuce mini a kwazazzabo. Kwana goma ke nan."

"Kin faɗa wa manaja?"

"Ka tambaye shi."

"Ina kike ranar Talata da safe?"

"Kan dutse. Kullum can nake. Ko an fara karɓar haraji a kansa?"

Yawuba ya ce ba zai ja ta da nisa ba. Ya gaya mata ubanta na tsare a ofishinsu tun shekaranjiya, ya amsa cewa shi ya kashe Hamanjam, kuma yau da la'asar mota za ta kai shi kurkukun Garwa, da gwiwar nan tasa, a shekarunsa saba'in da huɗu.

Ta juya, ta hau rumbun dawa, ta zura hannu har kafaɗa, ta zaro bindigar a naɗe cikin zani. Ta ja sakatar, ta nuna masa ba komai a ciki, ta miƙa masa ta gindi.

"Wawan tsoho," ta ce. "Ko tudun coci ba ya iya hawa."

Yawuba ya karɓa. Har ya yi mamakin rashin nauyinta. Ya tambaye ta ko tun a shagon Garwa ta san abin da za ta yi da ita.

"Don gada na zaɓe ta. Sai ranar da na hau leɓen nan da ita ban ji ta a bayana ba, na leƙa ƙasa na ga inda Hamanjam yake tsayawa shan ruwa duk Talata. Daga ranar ban sake tunanin gada ba."

Ta ce shekara biyu da suka wuce ƙaninta Firme ya hau ɗebo zuma. Hamanjam ya harbe shi a baya, ya ajiye tarko kusa da gawar, ya ce ɓarawon nama ne. Mutum uku sun gani, an tsorata su. Ita kuwa ta kama aiki a gandun, tana gaishe da Hamanjam kowace safiya, tana jira.

"Sau huɗu na zo ofishinku, Shef. A na ukun kai ka karɓi takardata. Ka ce in je gida, za a kira ni."

Yawuba ya tuna. Ya tuna ya kai takardar teburin Kwamishina, kuma bai sake tambayar inda ta kwana ba.

"Ba na neman afuwar kowa," ta ce. "Kada ka rubuta cewa na yi nadama."

A ofis Baba Dongsa na ganinta ya shiga faɗa, yana cewa ƙarya take, yarinyar ko kaza ba ta iya yankawa. Ta durƙusa ta ɗaura masa igiyar takalminsa, ta ce ya tafi gida ya ba awaki ruwa, ya daina ba ta kunya gaban mutane. Tsohon ya dafa kanta.

Yawuba ya rubuta jawabinta da hannunsa, shafi uku. Shafin farko duk a kan Firme ne, da ranar, da sunayen shaidu ukun, da zuwanta huɗu, da sunan jami'in da ya karɓi takardar. Kwamishina ya karanta a tsaye, ya ce a yage wannan shafin, ba shi da alaƙa da shari'ar.

"Yallaɓai, jawabinta ne, ba nawa ba," in ji Yawuba. "Haka zai je gaban alƙali."

"Har da sunanka a ciki?"

"Har da shi."

Ya sa hannu, ya buga hatimi. Kurtu ya matso da ankwa, Odil ta miƙa hannuwanta tun bai tambaya ba. Aka ce a zagaya da ita ta ƙofar baya don kasuwa ta cika. Ta ce ta ƙofar gaba ta shigo sau huɗu, ta nan za ta fita.

Yawuba ya buɗe mata ƙofar da kansa. Ta ratsa taron kanta a ɗage har bakin mota, mutanen dutse suna cire huluna ɗaya bayan ɗaya.