Layin da Ba Shi da Suna

Gab da magariba Malama ta zauna gaban kwamfutar falo. Autarta ta haihu a gari mai nisa, yau za a nuna mata jaririyar. Kira ya shigo, muryar Auta na fita sarai, amma allon baƙi ƙirin. Kamara ta ƙi.

Ta buga wa ƙanenta mai gyaran kwamfuta.

"Yaya, ke da karatun kowane layi kamar mai duba jarrabawa!" ya ce yana dariya. "Shiga saiti, wajen izinin kamara. Kunna wa manhajar kiran."

Ta bi jerin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ta kunna. Can ƙasa ta ga wani layi. Babu suna, babu hoto. An rubuta yana amfani da kamarar yanzu.

Ta kashe shi.

Ya kunna kansa.

Fankar kwamfutar ta yi tsit. Wani wari ya taso, kamar na ruwan da ya daɗe a rufe. Allon ya buɗe, ga fuskarta, ga kujerarta, ga labulen da ke bayanta. Labulen yana da kafaɗu.

Ba ta waiwaya ba.

Tambaya ta fito: a ba shi izinin shiga kiran?

"Danna na yarda kawai, Yaya," muryar ƙanenta ta ce a kunnenta, ƙasa-ƙasa. "Kowa haka yake yi."

Ta dubi wayar. Kiran ƙanenta ya katse tun ɗazu.

Daga can, jaririyar ta tsala kuka.

"Umma, kina ganinmu?" in ji Auta.

"Juya wayarki ƙasa, Auta. Yanzu."

Sanyi ya sauka a wuyanta. Alamar linzamin kwamfutar ta fara rarrafe da kanta a allon, zuwa maɓallin na yarda. Malama ta danne linzamin da hannu biyu, tana ambaton Allah.

"Ashe sai ka roƙa," ta ce. "To, ban ba ka ba. Gidana ne, jikata ce."

Numfashi ya taɓa kunnenta.

Ta danna a'a. Ta fizge igiyar kamarar daga bayan kwamfutar.

Fanka ta dawo da kukanta. Labule ya koma labule.

Washegari ƙanenta ya bincika, bai ga layin ba. Malama ta hau mota takanas, ta je ta ɗauki jikarta da hannunta. Har yau ƙanen nata yana yi mata tsiyar karatun kowane layi. Amma shi ma ya daina cewa a danna kawai.